Gyaran Muryar Gandiroba Pyo

Pyo Man-sik ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin gandiroba, kuma bai taɓa ɗaukar hoto da kakinsa ba. Aiki ne da ba a tinƙaho da shi a wurin biki. In aka tambayi matarsa Geum-rye sana'ar mijinta, sai ta ce ma'aikacin gwamnati ne, ta tura wa mai tambayar kwanon kimchi don bakinsa ya samu abin yi. A ƙauyen manoman tafarnuwa aka haife shi, can kudu, shi ne babba cikin shida, kuma gida da fansho ne suka kai shi aikin, ba sha'awa ba. Da ya yi ritaya sai suka koma Seongnam kusa da 'yarsu Hye-won. Nan ya shiga sahun tsofaffin da ke zama a rumfar lambun unguwa, suna buga baduk, wato darar ƙasar, suna gyara wa gwamnati kurakuranta.

Hye-won ce ta gano tallar. Wani ƙaramin kamfani a Pangyo, mutum tara kacal, yana haɗa wasan kwamfuta a kan wani kurkuku da ke shawagi a sararin samaniya. Mai wasa fursuna ne, aikinsa sanɗa da laɓewa har ya tsere, masu gadin kuwa mutum-mutumin ƙarfe ne. Matsalar ita ce masu gadin nasu tafiya suke kamar waɗanda aka aika kasuwa. Shugabar kamfanin, Ha Se-rin, mace 'yar shekara talatin da huɗu mai saurin magana, ta ce a nemo gandiroba na gaske a ɗauki tafiyarsa.

Ranar da aka ɗauke shi, bakin da ya shekara talatin a rufe ya buɗe. Kafin rana ta faɗi babu tsohon da bai ji ba a rumfa.

"Kai za a sa a wasan yara?" in ji Tsoho Gu, abokin bugunsa. "Da wannan ƙafar taka mai kama da baka?"

"Ƙafar suke so, ba fuskarka ba. Jikanka zai gudu in ya gan ni."

Man-sik ya faɗa yana dariya, amma abin ya shige shi fiye da yadda ya nuna. Karo na farko ke nan da wani ya ce yana buƙatar abin da ya iya.

Aka sa masa wasu baƙaƙen kaya matsattsu masu fararen ƙwallaye a gaɓoɓi don na'ura ta ɗauki motsinsa, tumbinsa ya fito ba kunya. Aka zana masa layin kurkukun da farin tef a ƙasa. Da ya fara taku, sai kowa ya zuba masa ido. Hannu a baya, taku goma sha huɗu, tsayawa, duba ta gefen ido ba tare da juya wuya ba. Yaran kamfanin suka ga abin da suka yi wata shida suna nema. Amma da ya kusa kwanar layin, sai ya rage tafiya, ya ɗaga kafaɗa, ya yi gyaran murya: "Ehem." A kwana ta biyu ma haka, a ta uku ma haka. Ko an goge sautin, kafaɗar tana nan tana motsi, kuma mutum-mutumin ƙarfe ba shi da maƙogwaro.

To, wa zai gaya masa? Ya girmi iyayensu duka, kuma ba su taso suna gyara wa mai furfura magana ba. Sai suka bi ta bayan gida. Washegari ya tarar da shayin citta da zuma yana jiransa. Rana ta uku alewar maƙogwaro, ta huɗu kwalin saiwar jinsen, an miƙo da hannu biyu ana rusunawa. Duk tafiyar da ya gama sai a ce, "Baba, na'ura ce ta samu matsala, a daure a sake." Kwana tara na'urar nan tana shan zagin da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Shi kuwa daɗi yake ji. "Yaran yanzu ba su lalace ba," ya ce da matarsa yana ajiye kwali na biyar a kan tebur.

Geum-rye ta ɗaga kwalayen ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. "Baban Hye-won, duk na maƙogwaro ne. Ba na gwiwa ko ɗaya, kai da gwiwa ke damunka. Ehem ɗin nan kake yi musu, ko?"

"Wane ehem?"

"Wanda kake yi kafin ka shiga ɗakin girki a gidanka na kanka. So suke ka yi shiru, kunya ta hana su faɗa."

A rana ta goma Se-rin ta ga in ba ta yi magana ba aikin zai nutse da su. Ta kai shi cin miyar ƙashin sa, ta zuba masa ruwa da hannu biyu, ta yi ta kewaye-kewaye har miyar ta huce. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta faɗa. Jumma'a za su rufe ɗauka. In ba a samu tafiya ba tare da gyaran murya ba, dole su kira ɗan wasan kwaikwayo ya kwaikwayi takunsa, a cire shi gaba ɗaya.

"Wannan ne kawai?" ya ce. "Da kun faɗa tun farko, da ba ku ƙarar da cittar garin nan ba."

Suka koma. Ya yi takunsa goma sha huɗu, ya iso kwanar, ya danne maƙogwaro. Sai ƙafar ta ƙi. Ya tsaya cak a kan farin tef ɗin kamar wanda ya iso bakin rijiya. Sau huɗu yana komawa baya yana sakewa. A na biyar ya samu kujera ya zauna, ƙwallayen jikinsa suna ƙyalli.

"Shugaba Ha, bari in gaya miki," ya ce. "Shekarata ta farko a aiki, na leƙa tagar wani ɗakin fursuna ba sanarwa, yadda aka koya mana. Mutumin ciki ƙato ne, duk benen tsoronsa ake ji. Na same shi a durƙushe yana kuka, da wasiƙar uwarsa a hannu. Ya ɗago muka haɗa ido. An riga an karɓe masa komai, ni kuma na zo na karɓe wannan. Tun ranar ban sake isa ƙofa ba sai na yi motsi. Manya sun ja mini kunne, abokan aiki suna ce mini Ƙararrawa, ƙarin girma ma ya wuce ni sau biyu. Ban ma sani ba ko na cikin sun lura, ba wanda ya taɓa cewa komai. Amma ba zan iya ba. Ku kira ɗan wasanku."

Ya cire kayan, ya ninke su tsaf, ya rusuna musu ya tafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma sati biyu bai leƙa rumfa ba. Ya ce gwiwa ce, Tsoho Gu kuwa bai yarda ba.

Se-rin ba ta kira kowa ba. Ta sa aka zuba tafiyar yadda take, da kafaɗar da ehem ɗin, a jikin mai gadin bene na uku, ta ce a gwada a gani. Mai haɗa sauti ya ce wannan shirme ne, ina ƙarfe ina kaki. Amma da suka buga, sai suka ga wurin ya fi ko'ina tayar da hankali. Kana tsakiyar fili, ka ji ehem daga bayan kwana, ka san numfashi uku gare ka ka samu maɓoya. Mai gadin bai yafe wa kowa, in ya gan ka ya kama ka. Sanarwa kawai yake yi.

Wasan ya fito lokacin kaka. Bai girgiza duniya ba, amma ya samu mutanensa, kuma suka raɗa wa mai gadin suna Kakan Bene na Uku. Jikan Tsoho Gu ya sha kamu a hannunsa har ya yi fushi da kakansa don ya san mutumin. Man-sik ya koma rumfa yana taku ɗai-ɗai, hannu a baya, ba mai iya masa magana.

Wata ranar Talata da hantsi Se-rin ta zo rumfar da kanta, da takarda a hannu. Ta ce wani ne ya rubuto a shafin wasan, kuma ta ga bai kamata ta faɗa ta waya ba. Ya ce bai fito da tabarau ba, ta karanta masa.

"Ɗana ne ke buga wasan nan a falo ina wanke kwanuka, sai na ji gyaran muryar. Kwano ya faɗi a hannuna. Na shekara shida ina jin ta, ba za ta ɓace mini ba. Duk benenmu mun san don me yake yi. Ba mu taɓa faɗa ba, don kada a hana shi. In yana raye, ku ce masa mai lamba ɗari bakwai da sha biyu yana gyaran babura a Ansan, yana da 'ya'ya biyu. Na karɓi wasan na gwada, ya kama ni sau goma sha ɗaya. Bai canja ba."

Man-sik ya daɗe yana kallon allon baduk, idonsa ya cika, bai kuma ɓoye ba.

"Na gane shi," ya ce. "Sarkin surutu ne, ga rashin iya ninke bargo."

"In ba shi amsa, Baba?" in ji Se-rin.

A gidan yari sallama ɗaya ake yi wa mai fita: kada mu sake haɗuwa. Man-sik ya faɗe ta sau dubbai a bakin babbar ƙofa, kuma ya tuna ranar da ya faɗa wa wannan.

"Rubuta masa cewa na janye maganar da na gaya masa a ƙofa," ya ce. "Ya zo ranar Asabar, ya taho da yaran. Ni zan sayi abincin."