Ranar da Baffa Kyari Ya Wanke Maƙogwaron Mota

Duk wanda ya san Baffa Kyari ya san buroshin nan da ke leƙowa daga aljihun gaban rigarsa, inda mutanen kirki ke maƙala biro. Ƙanen mahaifina ne, kuma rayuwarsa kaf a wankin hula ya yi ta, can wajen Ƙofar Mata. Matsalar ita ce Baffa bai taɓa yarda akwai wani abu a duniya da ba hula ba. Komai a wurinsa magani ɗaya ne: ruwa, sabulu, buroshi, sai a shanya. Karin maganarsa kuwa kun haddace: "Abin da buroshi bai gyara ba, sai Allah."

Kuna tuna yadda yake cire wa mutum hula ana tsakiyar gaisuwa? Haka ya yi wa wani babban baƙo da ya zo ɗaurin aure gidanmu. Mutumin yana "Ina gajiya," sai ya ji iska a ƙeya.

"Alhaji, wannan ba hula ba ce, kaskon suya ce. Ka dawo jibi."

Da tsohuwar hular Baffa bawan Allah ya koma gida, ta sauko masa har kunne.

Rediyon matarsa, Inna Falmata, ma ba ta tsira ba. Rediyon ta fara ƙoƙi-ƙoƙi, ya tsoma ta a bokiti ya dirje. Daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba. Da Inna ta yi magana sai ya ce, "Da tana tari, yanzu tana yi? To, ta warke."

Sai ga babban ɗansa ya sayo masa mota 'yar Beljiyam. Wayyo, motar nan ta ga wanka! A shekarar ne kuma Allah ya kira Inna aikin Hajji. Baffa ya tsaya a tsakar gida ya rantse cewa matar da ya yi ta goyo a keke tun suna da ƙuruciya, shi da hannunsa zai tuƙa ta zuwa sansanin alhazai, ba ɗan kowa ba. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga ta juya tana murmushi.

Ana gobe tafiya motar ta soma shessheƙa idan ta tsaya. Muka je wurin amininsa Malam Buba bakanike, Bafulatani, wanda tun suna yara suke wasan nan na Fulani da Barebari. Malam Buba ya leƙa ya ce maƙogwaron da injin ke shaƙar iska ne ya yi baƙi.

"Za ta kai ku gobe lafiya lau. In kun dawo ka kawo ta, akwai feshinsa na musamman. Kyari, don girman Allah kar ka taɓa. Akwai wata 'yar waya a ciki siririya kamar gashi, ita ke gaya wa motar yawan iskar da ta shiga."

Baffa ya dube shi sama da ƙasa. "Yau Bafulatani ne zai koya wa Babarbare wanki? Ku da ƙwarya kawai kuka iya ɗaurayewa!"

Tun a hanya na san an gama. Bayan la'asar na tarar da shi ya buɗe gaban mota, ya kwance bututun, ga bokiti na kumfa. Ya bar makulli a kunne don yana jin labarai. A cikin maƙogwaron akwai wani ɗan faifan ƙarfe da lantarki ke buɗewa yana rufewa. Baffa ya danna shi da yatsa ya zura buroshi, sai faifan ya dawo ƙam!

"Innalillahi! Ta cije ni! Habibu, shaida kake, ta cije ni!"

Na ce, "Baffa, ai Malam Buba ya faɗa."

"Rufe min baki. Wanda bai saba wanka ba dama sai ya yi fitina."

Ya ɗaure yatsan da tsumma ya ci gaba. 'Yar wayar nan ya dirje ta har ta yi ƙyalli, ya tsiyaya kananzir a bututun wai ta kuskure baki, ya shanya sauran kayan a rana kusa da huluna. Sitaci ne kawai na roƙe shi ya bari.

Da safe Inna ta fito cikin farin mayafi ta zauna a gaba, ni ina baya da jakarta. Motar ta tashi da wani farin hayaƙi da ya rufe layin, sannan ta ɗauki ruri. Baffa bai taka komai ba, ita da kanta ta zabura! Kun san lungunan cikin gari. Awaki suka watse, mai koko ta haye dakali da roba a hannu, Inna tana salati, shi kuwa yana leƙe ta taga yana ihu, "Kun ji murya? Kun ji abin da tsafta ke yi?"

A Ƙofar Ɗan Agundi muryar ta ɗauke. Ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Lokacin da aka ba alhazai yana ta matsowa. Na ce mu tare a-daidaita-sahu, Inna ta ce, "Ni ba inda zan sauka. Ya ce shi zai kai ni." A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Baffa ya sunkuyar da kai. Wallahi sai ya ba ni tausayi.

Na kira Malam Buba. Ya iso da tsohuwar akori-kurarsa, ya leƙa injin, ya shinshina, ya ce, "Har da kananzir, Kyari?" Sai ya ɗauko igiya ya ɗaura motarmu a bayan tasa.

Haka muka ratsa gari, Baffa riƙe da sitiyari ya karkace hula, Inna a gefensa, yana ɗaga wa mutane hannu da yatsa mai tsumma. Muka isa ana kiran sunaye. Har ya bar duniya in an tayar da zancen cewa yake, "Ni na kai ta. Buba ja kawai ya yi, dama Bafulatani ya saba jan saniya da igiya."

Bara, ranar da ya rasu, ni da Malam Buba muka shiga yi masa wanka. Tsohon yana zuba ruwa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da ni, "A hankali, Habibu, kar ka dirza. Wannan Babarbaren a wanke ya zo."

Buroshin yana nan a ɗakin Inna, ta hana kowa taɓawa. Ya Allah, bawanka Kyari ya ƙare kwanakinsa yana fitar da dattin kan mutane. Ka wanke shi tas da rahamarka, ka sa ya huta.