Tankin da Ban Wanke Ba

Malam Edita, sallama gare ku da masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, can ma wata huɗu na yi malamin ya roƙe ni in huta a gida don sauran su samu su yi karatu. Abin da zan faɗa ya daɗe yana cina, kuma na ga gara in faɗe shi da bakina kafin a faɗe shi a zaman makokina, inda ba zan samu damar gyara labarin ba.

A wancan lokacin ni shugaban 'yan ƙwadago ne a wajen Balan, cikin ƙasar Gaya, da mutum goma sha wani abu a ƙarƙashina. Wani alhaji mazaunin Kano yana da ƙatuwar gona a hanyarmu ta zuwa Ajingi, gyaɗa da wake da dawa, ya raba aikinta gida biyu. Ɓangaren bakin hanya nawa ne, na can ciki kuma na wani mutumin Gafasa da tasa tawagar. Shi Babarbare ne na asali, kakanninsa suka zo daga gabas, ni kuwa uwata Bafulatana ce, saboda haka abokin wasana ne. Ban taɓa ganinsa na ƙyale shi ba. In ce masa bawana ya kwana lafiya, shi kuma ya ce a ɓoye ƙwaryar nono ga ɗan Fulani ya iso. Mutane su yi ta dariya. Abin da ba su sani ba, tasa dariyar daga ciki take fitowa, tawa kuwa iyakarta haƙora.

Yadda nake shugabanci shi ne in samu inuwar ɗorawa in jingina, rediyo a gefe, ido a kan mutane. Wanda ya miƙe ya dafa ƙugu sai ya ji muryata. Wanda ya zaga bayan gari ya daɗe, idan ya dawo sai in tambaye shi ko aure ya ɗaura a can. Ban yarda da kowa ba, don na san abin da ni kaina nake yi lokacin da nake ƙarƙashin wani. Idan Alhaji ya zo ya ga kunyar da aka tsallake, kafin ya rufe baki yatsana ya miƙe, na ce su ne. Na faɗi kalmar nan har ta zama sunana a bayan idona, Malam Su-ne. Sai da na shekara biyu ina jin ana faɗa ina taya su dariya, ban san da ni ake ba.

Shi abokin wasan nawa ba haka yake ba, kuma nan ne ciwon. Da safe zai auna wa kowa kunyoyinsa, ya gaya masa inda ake so ya kai kafin la'asar, sannan ya ɗauki tasa fartanyar ya kama nasa rabon, ba ya ko waiwaye. Idan an tashi su zauna a bakin gona, kowa ya faɗi abin da ya bari da bakinsa, shi ne ma yake farawa. Wanda bai gama ba babu zagi, gobe ya fara da nan. Amma wanda ya yi ƙarya ya gama aiki da shi. Na ga ranar da ya sallami ƙanen matarsa saboda ya binne ciyawa da ƙasa ya ce ya nome. To amma idan Alhaji ya zo da faɗa, ba ka taɓa jin sunan kowa a bakinsa. Sai ya cire hula ya sosa kai ya ce shi ne, za a gyara. Ni a lokacin wauta na ɗauki abin. Sai dai mutanensa da waƙa suke aiki, nawa kuwa da tsaki. Nasa su dama fura su miƙa masa ludayi ya fara sha, nawa su juya mini baya su ci ƙosansu. Alhaji idan ya sauko daga mota ɓangarena yake fara takawa, tunda ni ne a bakin hanya, amma hannu ɗaya yake ba ni yana duban can ciki. Har mai ɗakina, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, wata rana ta ce ta ji matan ma'aikata suna yabon wani mutumin Gafasa, ko na san shi? Ranar miyar ma ɗaci ta yi mini.

Ana cikin haka, wata damina Alhaji ya tara mu ya ce ya gaji da shugaba biyu a gona ɗaya, idan an kwashe amfanin bana zai damƙa wa mutum ɗaya duka. Bai faɗi suna ba, amma ko akuyar da ke kiwo a gefe ta san wa yake nufi. Na koma gida ina lissafin yadda zan wayi gari ina karɓar kunya daga hannun Babarbare, ni da furfurata.

Sai ga dama ta zo da ƙafarta. Wake ya fara fure, lokacin feshin maganin ƙwari ya yi, hannun famfon tankin feshin tawagar abokin wasana ya karye. Tankin nan ne na goyo da ake ratayawa a baya. Mu kuwa a ranar da safe mun fesa maganin ciyawa a gefen hanya da namu, har da saura a gindinsa. Duk manomi ya san tankin da ya sha maganin ciyawa sai an zubar, an wanke da ruwan sabulu, an ɗauraye har sau uku kafin ya kusanci wake. Mataimakina, wani dattijo mai shiru-shiru da muka daɗe tare, ya ɗauka zai zubar, sai na hango abokin wasana tafe. Na ce wa dattijon ya ajiye, zan yi da kaina. Mutumin ya iso da tsokanarsa, ya ce ubangidana ya zo aro wurin bawansa, sannan ya tambaye ni ko tankin a wanke yake. Wallahi ban ce masa e ba. Cewa na yi, ya taɓa ganin Bafulatanin da ya ba da ƙwarya ba wanki? Ya tuntsire da dariya, ya ce wannan kam gaskiya ne, ita kaɗai ce tsabtar da muka iya, ya rataya ya tafi. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja, wai ni ban yi ƙarya ba, tambaya na yi. Ka ji malamin kansa.

Kwana huɗu waken ya fara murɗewa. Ganye ya yi rawaya, fure ya zube, wani dogon yanki ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ni fa abin da nake jira ba asarar waken ba ce. So nake sau ɗaya tak in ga mutumin nan ya miƙa yatsa, ko ga wanda ya yi feshin, ko gare ni, in ce wasa ne ya ɗauka da gaske, a yi ta musu, kowa ya gane ashe duk ɗaya muke. Alhaji ya zo ransa a ɓace, ya tara mu duka, ya ce a nuna masa wanda ya goya tankin. Wanda ya yi feshin, magidanci mai iyali, yana tsaye a cikinmu. Abokin wasana ya shiga gabansa, ya cire hula, ya ce shi ne. Ya ce shi ya kawo tankin, shi ya miƙa ba tare da ya shinshina ba, wanda ya fesa abin da aka ba shi ya fesa. Alhaji ya tambaya daga ina tankin ya fito. Ya ce ko daga ina ya fito, a hannunsa ya ratso. Ko kallon inda nake bai yi ba. Nan take Alhaji ya sallame shi, ya juyo ya ce daga yau gonar duka tana hannuna.

Ya kamata in yi murna ko? To ina tsaye da sabuwar sarautata na ga mutanensa sun saɓa fartanyoyi sun bi bayansa, ba wanda ya kira su. Na ɗaga murya na ce aiki yana nan ga mai so. Ɗaya ya juyo ya yi mini godiya cikin ladabi, ya ce Allah ya taya riƙo, ya wuce. An kori mutum, amma shi ake rakawa. A wurin kishin ya ninka na da.

Washegari dattijon nan mataimakina ya same ni a gindin ɗorawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai tambaya ɗaya gare shi: wanda ya yi wa abokin wasansa haka a kan shugabanci, me zai yi wa wanda ba wasa a tsakaninsu? Na ce masa tsufa ya fara taɓa shi. Ya ce haka ne, shi ya sa ma zai je ya huta. Daga nan aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bayansa ya riƙe, wancan ana bikin ƙanwarsa a Gaya, wani kuma surukarsa ba lafiya, surukar da na san mun binne ta bara. Duk a gonakin wajen Gafasa aka riƙa ganinsu. Ga gyaɗa ta nuna, ga ruwa ya ɗauke. Wanda ya san gyaɗa ya san idan ba a cire ta da sauran laima ba, ƙasa za ta ƙanƙame ta, ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Na zaga ƙauyuka neman hannu, kowa ya ce ya riga ya yi alkawari. Waɗanda na samo baƙi ne, suna ganin na juya baya sai su zauna, ni kuma ba zan iya tsayawa a kan ɓangare biyu lokaci ɗaya ba. Fiye da rabin gyaɗar nan a ƙasa ta kwana. Da Alhaji ya zo ya tsaya yana kallon gonar, ya tambaye ni wane ne ya yi masa wannan, yatsana ya ɗaga da kansa don sabo. Na waiwaya, babu kowa a bayana sai tumakin mutane suna cin harawa. A ranar ni ma aka sallame ni, kuma ni kaɗai na tako zuwa bakin titi.

Sai da aka shekara na iya tarar abokin wasana, ran kasuwar Ajingi, a rumfar masu hatsi. Na ja shi gefe na fara kame-kame. Ya katse ni ya ce in bar wahalar da kaina, tun ranar da waken ya murɗe ya gane. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce kada in ɗauka don ni ya yi, bai ƙaunace ni har haka ba. Mutanensa sun yarda duk abin da ya miƙa musu ya duba shi, ranar kuwa bai duba ba, ya tsaya wasa da ɗan Fulani. Kuma da ya ce wane ne, gobe duk wanda ya tambaya a cikinsu me ya bari, shi ma wani zai nemo ya ɗora wa laifi. Ya ce ya yafe, har ya ƙara da cewa idan ina son aiki akwai kunya a wurinsa, tunda bawa ba ya rasa abin yi a gidan ubangidansa. Na yi dariyar dole na ce Allah ya kiyaye. Ko yafiyar tasa sai da na ji haushin yadda ta zo masa da sauƙi.

Yanzu 'yar gonar gado nake nomawa ni kaɗai, ba mai yi mini tsaki sai gwiwoyina. Abin da na gane a makare shi ne, shekarun nan duka ban taɓa shugabantar kowa ba, gadi na yi. Mutum yana yi maka aiki ne tsakani da Allah idan ya san ka ba shi amana, za ka tambaye shi ita ba wasa, kuma ran da abu ya ɓaci ba za ka tura shi gaba ka ɓuya ba. Duk wanda aka ɗora a kan mutane, ko a gona ko a shago ko a ofis, ya duba abin da bakinsa yake fara faɗa idan maigida ya zo da faɗa. Masu abokan wasa kuma ku riƙa bincikar dariyarku, wata ba dariya ba ce. Ni ban ce na warke ba, ku sa ni a addu'a. Da damina a-kori-kurar da ke kwasar mutanen abokin wasan nawa ta ƙofar gidana take bi kowace safiya, cike, har da waɗanda ni na koya wa riƙon fartanya. Suna ɗago mini hannu. Wata rana in amsa, wata rana in shige zaure kamar na manta wani abu.