Wata Biyun da Na Riƙe wa Baba Shago

Fiye da shekara talatin Baba yana sayar da wayar wuta a Kasuwar Sabon Gari, irin wadda ake ja a cikin gini. Shagon bai fi ɗakin kwana ba, amma daga ƙasa har rufi naɗin waya ne, ja da baƙi da kore. Da shi aka ciyar da mu, da shi na yi karatu har na zama malamin tattalin arziki a jami'a.

Ba abin da ke ba ni haushi da Baba kamar yawonsa na safe. In ya fito daga gidanmu na Fagge, maimakon ya buɗe shago sai ya bi layi-layi yana gaishe-gaishe. Ya tsaya wajen masu sauke kaya daga Legas, ya zauna da 'yan canji, sai hantsi ya yi sosai yake sa makulli. Kuɗin waya da safe daban, da la'asar daban. Wani lokacin mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu, Baba zai ce, "Yau ba ta sayarwa ba ce." Ni kuwa a aji koya wa ɗalibai nake yi cewa kayan da ke kwance a kanta jari ne da ya yi barci.

Da yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce za a yi wa idanun aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma ya zauna a gida. Abin ya zo daidai da dogon hutu, sai na karɓi makulli.

"Ka zaga kafin ka buɗe," in ji Baba.

Na ce to. A raina na ce an daina.

Na duba yadda ya saro kowace waya, na ɗora riba mai kyau, na rubuta farashi a takarda na manna. Ƙarfe takwas shago a buɗe. Cikin mako guda mutane suka fara layi, ni kuma kaina ya yi girma.

Maƙwabcinmu wani dattijon Ibo ne mai sayar da ƙwan lantarki, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ja ni gefe.

"Malam, ka je ka ji nawa ake sauke ta yau? Dubi waɗannan da ke layi. Akwai mai gini a cikinsu? Duk 'yan layin baya ne, masu sayar da waya."

Na tsaya na yi masa lacca a kan saurin juya kaya. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kujerarsa.

Lokacin ne naira ke zamewa kullum, waya kuwa daga waje ake shigo da ita. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne na san haka. Na rubuta takarda a kai, na karanta a taro, an tafa mini. Ban taɓa kawowa a raina cewa maganar shagon Baba nake yi ba.

Ranar da kantoci suka zama wayam na tafi saro sababbi ina taƙama. Da aka faɗa mini farashi sai da na nemi wurin zama. Abin da na samu daga shago cike bai cika kanta biyu ba. A hanyar dawowa na bi ta layin baya, na ga wayarmu jere a shagunan mutane. Wasu ko takardar da na manna ba su ɓamɓare ba.

Aikin ido ya yi kyau. Na so a ce bai yi saurin warkewa ba, Allah ya yafe mini. Na raka shi kasuwa, ya cire baƙin tabarau a bakin shago. Ya dubi bango na farko, ya dubi na biyu. Ya kai hannu ya shafa kantar da ba komai a kanta, kamar har yanzu bai yarda da idon ba.

"Ba a ci ka bashi ba?"

"A'a, Baba."

"Ba a yi sata ba?"

"A'a."

"To a littafin naku me ake kiran wannan?"

Na ce, "Riba."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Kafin shekara ta zago mun saki shagon, yanzu wani ne a ciki yana sayar da caja.

Ni ina nan ina koyarwa. Baba kuwa har yau yana fita bayan karin kumallo, ya bi layi-layi, ya ji nawa aka sauke waya. Da azahar ya dawo gida, ya zauna a ƙofa, in na zo wucewa ya faɗa mini farashin yau.