Amatullahi da Duwatsun Gindin Rumbu

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoban 2025, Mai abu Ya karɓi abinsa. 'Yata ta fari, Injiniya Amatullahi Abduljalil, ta rasu a asibiti a Birnin Kebbi tana da shekara talatin da huɗu, bayan kwana shida tana fama da ciwon sikila, wanda da shi aka haife ta. Mun yi mata sutura a Gwandu bayan sallar la'asar. Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma ba ni da ja a kan wannan hukunci.

Sunan mahaifiyata aka raɗa miki, ke ce kuma 'yar fari, sai kunya biyu ta ɗaure mini baki. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunanki ba. "Uwata" nake ce miki, ke kuma ki amsa da "Na'am, Baba", kina murmushin wadda ta san ta fi ƙarfin a yi mata faɗa.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar fadamun Kalgo, kika bar aikinki a Kaduna kika dawo gida. Abin da kika sa gaba shi ne ki zana taswirar da za ta nuna iyakar inda ruwa yake kaiwa idan gulbi ya cika, domin duk wanda zai gina makaranta, ko kasuwa, ko ɗakin shan magani, ya san inda zai kafa fegi. Kina da hotunan tauraron ɗan'adam da na'urori, amma bayanan da suke ba ki ba su wuce na 'yan shekaru ba, ruwa kuwa ya girmi na'ura.

A Tungar Tambari kika sami abin da kike nema. Kin lura cewa rumbunan unguwar tudu suna zaune a kan dutse ɗaya, don tsare gara da laima, na unguwar fadama kuwa an ɗora su a kan duwatsu uku, wasu huɗu. Kika durƙusa kina aunawa, sai mai rumbun, wata tsohuwa da ake kira Inna Jummai, ta fito ta tsaya a kanki.

"Ke ɗiyar mutane, mi kika nema ga gindin rumbuna? Ɓera ko kunama?"

Da kika yi mata bayani, ta yi dariya ta ce, "Wannan ai ba ya buƙatar boko. Duk shekarar da ruwa ya taɓa hatsi, in an sake rumbu sai a ƙara dutse. Na ukun nan kakan mijina ya aza shi. Mu ba mu rage dutse, ɗiyata, ƙari muke yi."

Daga ranar kika bi gida gida, har Wurogauri, har Maruda da Ceberu, kika auna gindin rumbu ɗari huɗu da goma sha biyu, kika haɗa da abin da na'ura ta nuna. Ni da na shekara talatin da shida ina koyar da tarihi a jami'a, ban taɓa sunkuyawa na dubi ƙasan rumbu ba. Kin ce mini, "Baba, kun karance takardun mazan jiya kaf, kun bar wanda aka rubuta a tsakar gida." Sai na ce ki miƙo mini tabarau.

Ba ki bar iliminki a cikin takarda ba. A kowane ƙauye kina shafa shuɗin fenti a jikin itatuwa daidai tsayin da ruwa ya taɓa kaiwa, domin wanda bai iya karatu ba ya karanta. Kin zauna a tabarma da wata gwauruwa a Maruda har sai da ta yarda ta ɗage garken awakinta zuwa tudun da ke bayan gidanta; da damina ta zo, ruwa ya kwanta a tsohon wurin har gwiwa. Ƙwaryar nonon da ta aiko miki, ni na shanye rabi.

Sai maganar makarantar Tungar Tambari ta taso, ajujuwa shida, yara ɗari biyu da tamanin. Kwamitin da aka ɗora wa zaɓen wuri ya zaɓi fili a bakin titi, inda duk mai wucewa zai ga ginin. Awonki ya nuna cewa rumbunan da ke daura da filin masu dutse huɗu ne, kuma ruwa ya kwanta a wurin har ƙugun babban mutum sau uku a sanin waɗanda ke raye. Kika nuna musu tudu a bayan gari, tafiyar minti goma. Suka ce ba a hango shi daga titi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Injiniya, ruwa dai na Allah ne." Kika ce, "Ƙwarai kuwa, Alhaji. Tudun ma nasa ne."

Bayan mako guda aka wayi gari an kankare shuɗin da ke jikin tsamiyar filin. Kika shirya komawa ki sake awo, alhali fadama cike take, ga iska mai sanyi. Na ce, "Uwata, jikinki ba ya son sanyi." Kika ce, "Baba, su ma yaran jikinsu ba ya son ruwa." Kika tafi, kika shiga ruwa har ƙugu, kika sake shafa fentin. Kwana biyu da dawowarki ƙasusuwanki suka fara ciwo. Ban ɗora wa kowa alhakin ranki ba, kuma ba zan ɗora ba. Ajali ba ya neman dalili.

Amma akwai magana ɗaya da na haɗiye, dole in fitar da ita a nan. Ranar addu'ar uku, wani ɗan kwamitin ya zo mini gaisuwa. Bayan an shafa fatiha ya matso ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ka ga ikon Allah, mai auna ruwa ba ta auna kwananta ba. Maganar filin nan kuma a bar ta ta bi ta." Na sa aka ba shi ruwa ya sha, na raka shi har ƙofar zaure, domin tabarmar makoki ba wurin muhawara ba ce. Ga amsata yanzu.

Gaskiya ne ba ta san kwananta ba, kai ma ba ka san naka ba, wannan ilimi Allah Ya riƙe shi a wurinsa. Da hannuna na karɓe ta a cikin kabari, ban ce don me ba. Amma iyakar ruwa a Tungar Tambari Allah bai ɓoye ta ba. Ya nuna wa kakanninku, suka aza ta a dutse. Ya nuna wa 'yata, ta zana ta a taswira. Fegin da aka kafa a filin nan hannun mutum ne ya buga shi. Wanda aka nuna wa hanyar ruwa ya zaunar da 'ya'yan mutane a kanta, kada ya zo gobe ya kira abin ƙaddara, ya nemi mu ce amin.

Uwata, maganarki ba za ta bi ki ba. Mijinki Muzzammil ya kawo mini rahotonki, shafi saba'in da huɗu, na karanta shi sau uku, abin da ban gane ba na tambayi abokan aikinki kamar ɗalibi. An sake kankare tsamiyar bayan rasuwarki, sai Inna Jummai ta tara matan unguwar fadama suka mayar da alamar da shunin wanki. Ta aiko a gaya mini cewa in an goge da safe za su shafa da rana, a ga wanda hannunsa zai fara gajiya.

Kwamitin zai zauna ranar Alhamis, talatin ga wata, don yanke magana. Zan je da taswirar, zan shimfiɗa ta a gabansu. Idan aka tambaye ni aikin wa ne, a ranar zan ajiye kunyar shekara talatin da huɗu, in kira sunanki da bakina, yadda na ƙarshen ɗaki ma zai ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajiya Hafsat, wadda ta yi jinyarki tun kina goye, ga Muzzammil, ga 'yarki Ilham, wadda za ta girma ta ji wace ce ta haife ta, da ga matan Tungar Tambari, waɗanda suka yi rashi tare da mu. Ya Allah, Ka sa ciwon da ta ɗauka tsawon rayuwarta ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tsare yaran da ta shiga ruwa dominsu. Allah Ya jiƙan Amatullahi, Ya ɗaga ta zuwa tudun da ruwa ba ya kaiwa.

Abduljalil Lukuman
Gwandu