Alamar Aya a Takardar Jarrabawa

Umma ce ta koya mini rubutu, a kan allo, a falonmu da ke hawa na uku a Darrasa, wata unguwa a ƙasar Misirawa, saman shagon wani mai ɗinkin littattafai. Tana da wata al'ada da ta zo da ita daga gida. Duk ayar da na kawo da ka, ba tare da ta ɗora ni ba, sai ta ce in yi mata alama a ƙarshe: 'yan zagaye uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, irin na Alƙur'anin hannu. Wadda ta taimake ni a kai kuwa haka ake barinta. Da na shiga makarantar Misirawa sai hannuna ya tafi da abin. Duk amsar da na gama a littafin aji sai in tarar na yi mata zagayen nan, ƙanana kamar ƙwayar gero. Shekara tara babu malamar da ta yi mini magana a kai. Ina jin ba su taɓa lura ba, don ni kaina ba kasafai ake lura da ni ba.

Bara na rubuta jarrabawar ƙarshen aji tara. Makinta ne ke cewa ko za ki wuce babbar sakandare, wadda ake bi a shiga jami'a, ko a tura ki makarantar koyon sana'a. Abba ya gaya mini tun da wuri cewa idan ban samu babbar ba, zai mayar da ni Katsina wurin gwaggona in ƙarasa a can. Ba horo yake nufi ba, shi a ganinsa gyara ne. Amma ni rabona da Katsina tun ina shekara huɗu, kuma ba na son barin Umma.

Tun tsakiyar shekara aka daina koyar da mu. Sai haddar amsoshi, kalma bayan kalma. Malamar tarihi takan ware yatsunta a kan takarda ta ce, "Mai dubawa ba karantawa yake ba, awo yake yi. Ku cika masa shafi." Idan wata ta tambayi dalilin wani abu, sai ta ce ba ya fitowa a jarrabawa.

A wata makaranta aka kai mu, kamar yadda ake yi, a hannun malaman da ba su san mu ba. Su ake kira lajna. An manna wa kowace lambarta a kan tebur. Teburina cike yake da amsoshin wasu shekaru da aka kankare da tsinin kamfas, ƙasansa kuma busasshen cingam ne jere. A bakin ƙofa iyaye mata ne zaune da lema suna karatun Alƙur'ani. Na ga wata ta kai ƙarshen aya, ta sunkuya ta cusa wa 'yarta takarda a cikin safa, ta ɗora daga inda ta tsaya. Abba yana can gefe ƙarƙashin bishiya da hularsa, shi kaɗai namiji.

Yarinyar da ke hannun damana a cinya ta rubuto amsoshinta. Zufa takan narkar da tawadar, ta ɓata mata siket. Bayan gida kuwa ba ya shiguwa, 'yan takardu ne nannaɗe sun toshe ramin, ruwa ya taso da su har bakin ƙofa. Kwana huɗu ban sha ruwa da safe ba don kada in buƙaci zuwa.

Mai gadin ɗakinmu wata dattijuwa ce mai fara'a, da carbi kore a hannu. Abla muke ce mata, kamar kowace malama. A kwanakin farko taga kawai take kallo. Ranar ƙarshe, ranar tarihi da labarin ƙasa, tambaya ta huɗu ta zo da wuya, gurbi biyar da za a cike. Wata ta fara kuka a baya. Abla ta leƙa baranda, ta dubi hagu da dama, ta turo ƙofa.

"Ku saurara, 'ya'yana. Sau ɗaya zan faɗa."

Ta jero su biyar ɗin a hankali, tana jan carbi ɗaya ga kowace amsa. Biyu na sani. Uku ban sani ba, kuma na rubuta su. Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Saura kaɗan a tashi shugaban lajna ya shigo zagaye, wani gajere mai warin taba. Yana ɗaga takardu yana ajiyewa har ya iso kaina. Ya buɗe shafi, ya koma baya, ya sake buɗewa.

"Mene ne wannan?"

Ya ɗora yatsa a kan 'yan zagayen.

"Wa kika shirya da shi a wurin dubawa?"

Sai a lokacin na fahimta. Kafin a kai takardu wurin masu dubawa ana rufe sunaye, saboda haka duk wani zane da ba amsa ba ana ɗaukarsa saƙo ne ga wani da zai gane takardarki ya ƙara miki maki. Hukuncinsa soke takardar. An sha faɗa mana kada mu yi alama, amma ni ban taɓa kawo zagayen Umma cikin wannan ba. Mai rubutu a cinya ta juya ga ta bayanta ta ce, yadda zan ji, "Ashe shiru-shirun 'yar Sudan ɗin nan ba na banza ba ne. Ta fi mu iya shiri." Shekara uku muna aji ɗaya, har ranar ba ta san ƙasarmu ba.

Aka kai ni ofis, aka aika a kira Abba. Kafin ya hawo shugaban ya cike takardar rahoto, ya tura wa Abla ta sa hannu a matsayin shaida. Ta karɓi biro tana girgiza kai, tana cewa yaran zamani sai addu'a. Na kalli yatsunta.

Abba ya yi bayani da Larabcinsa na littafi, a tsanake, kamar yana gaban malamansa. Ya ce alamar aya ce, haka ake yinta a ƙasarmu, in ana so yanzu ya je gida ya ɗauko Alƙur'anin kakana a gani.

"Ya Shehi, nan ba masallaci ba ne," in ji shugaban. Ya juya takardar jarrabawata wajen Abba. "In al'ada ce, me ya sa take a wani wuri, babu a wani? Ga ta a ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ta huɗu babu ko ɗaya. Ta biyar ga ta kuma. Wannan lissafi ne."

Abba ya dube ni, ya ce da Hausa, "Mamana, gaya masa. Ki ɗaga murya."

Na ce, "Ba na sawa sai a wadda na kawo da kaina."

"To ta huɗun wa ya kawo miki?"

Ban yi niyyar tona kowa ba. Tambaya aka yi mini, kuma ban iya ƙirƙirar wata amsa da sauri ba. "Abla ce ta faɗa mana. Mu duka."

Fankar sama tana ta ƙara. Abla ta ajiye biron a hankali. Shugaban ya dubi rahoton, ya dubi ƙofa, ya ninke rahoton biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihu.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Yarinya ce, ado ta yi wa takardarta. Ma'alish, yi haƙuri, ya Shehi, mun wahalar da kai."

Abla ta shafa kumatuna da hannunta mai ɗumi, ta ce Allah ya yi mini albarka. Muna sauka matakala na goge wurin da gefen hijabina har ya yi zafi.

A waje 'yan mata suna yayyaga littattafansu suna watsawa sama, titi ya yi fari. Abba ya sunkuya ya tsamo wani shafi mai bisimilla daga cikin kwata, ya kakkaɓe, ya riƙe a hannu. Da muka kusa gida ya juyo gare ni.

"A cikin biyar ɗin nawa kika sani?"

"Biyu."

Ya gyaɗa kai. Bai sake tayar da zancen ba, Umma ma bai gaya mata ba.

Da sakamako ya fito na samu babbar sakandare. Na zauna na duba tazarar da ke tsakanina da makin da aka yanke. Ba ta kai makin amsoshin nan uku ba. Maƙwabciyarmu ta hawo da sharba, wani abin sha ja mai zaƙi, tana cewa tun ina ƙarama ta san ni da ƙwaƙwalwa. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye.

Ranar da na karɓo takardar shaidar, Umma ta shimfiɗa ta a cinyarta tana murmushi. Ta miƙo mini biro.

"Yi mata alamarki a ƙasa. Wannan kam ke kika kawo ta."

Na karɓi biron na rufe shi.

"Umma, ba a rubutu a kan irin wannan takardar."