Kujerar da Ta Lotsa ta Hagu

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Malam Sani mai fenti makwancinsa a Rano, amma har yau idan ƙanshin fentin mai da kananzir ya bugi hancina, sai na waiwaya kamar zan gan shi. Ni bakaniken babura ne, shi kuma aminina tun muna makarantar allo. Shagonsa na jingine da rumfata, don haka shekara ashirin muna shaƙar hayaƙin juna.

Kafin zuwan Shari'a, babu bayan babbar motar da ta amsa sunanta a yankinmu sai da hannunsa. Zaki ne, mikiya ce, 'yan dambe ne, duk yana fitar da su kamar su yi motsi. Da wa'azi ya yi yawa a kan zanen abu mai rai, ba wanda ya zo ya kama hannunsa. Shi da kansa ya yi ta juya maganar a zuciya, ran nan ya wanke burushinsa ya ce ya daina. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma shi rawar ce ta tsaya gaba ɗaya. Wata uku yana zaune a bencina yana kallon hannuwansa. Tsoronsa ɗaya ne, ya kuma faɗa mini: wanda ba ya zana mutum, ba mai zane ba ne, mai shafe bango ne. Na tausaya masa ƙwarai, sai dai ni ban iya lallashi ba, tsokana na iya.

A lokacin ne 'yan siyasa suka fara rabon sababbin babura, tsofaffin kuma aka shiga turo su gun 'yan gwangwan. Cikin waɗanda aka bari a rumfata akwai na marigayi Malam Idi mai allurar shanu, mutumin Tarai, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zaga rugage. Wata safiya na tarar da Sani ya kafa falanki a gabansa. Ya zana tankin da rana ta cinye jansa, da salansar da aka ɗaure da waya, da igiyar maraƙi a bayansa. Hatta guntun ƙarfen da na yi wa walda a jikin giya bai bari ba, da kujerar da ta lotsa ta hagu.

Na ce, "Kai Sani, tunda fenti a hannunka yake, ka mayar da shi sabo mana. Wa zai rataya wannan tsiya a ɗakinsa?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "In na gyara, na cire mai shi."

Na yi masa dariya, na ce hayaƙin kananzir ya fara taɓa shi. Daga nan ya ci gaba da zana tsofaffin babura har ƙarshen ransa, wasu suka saya, wasu suka yi dariya irin tawa. Na Malam Idi ya bar mini, na rataye shi a rumfa don ya tare rana. Ya rasu bai daina cewa shi yanzu ƙarfe kawai yake zanawa ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Kowa na yawo da hoton kowa a waya, babur kuma kafin ya saba da mai shi ya zama gwangwan. Ina jin zai yi tsaki, sannan ya ari wayar ya ƙura wa launin ido, don Sani bai taɓa gaba da abu mai kyau ba.

A damunar bara ruwa ya koro wata mata cikin rumfata, ita da ɗanta da ya ɗauko ta daga Unguwar Gai. Tana gyara mayafi idonta ya faɗa kan falankin. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Malam, wannan ai Baffana ne."

Hajiya Dije ce, 'yar Malam Idi. Ta ce saniya ce ta taɓa harbinsa a ƙafa, shi ya sa yake zama a karkace, shi ya sa kuma aka ƙara wa giyar tsawo. Ni da na yi waldar da hannuna na manta dalili, ita ba ta manta ba. Mahaifinta bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, 'ya'yanta ba su san kamanninsa ba. Ta sa yatsa a inda kujerar ta lotsa tana hawaye tana murmushi, tana nuna wa ɗanta yadda kakansa yake zama. Ni ma sai da na juya baya na yi kamar ina neman sifana.

Da ruwa ya ɗauke na sauke falankin, na naɗe shi a buhu, na ɗaure musu a bayan babur. Tsohuwar zuma da ita ake magani, ni kuwa na yi shekara da shekaru ina tare rana da ita.

Abin da ya rage na Sani ba shi da yawa: burushi uku da suka bushe, da falankai warwatse a zaurukan Rano da Kibiya. Amma ya tafi da zaton ya daina zana mutane, ga shi kuwa a wani ɗaki a Unguwar Gai jikoki na nuna wani tsohon babur suna cewa ga kakansu. Allah Ya jiƙanka, Sani. Da ka gyara kujerar nan kamar yadda na ce, da Dije ta fake wa ruwa ta wuce.