Sabon Kabari a Tsohuwar Maƙabartarmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Haruna Dogo, kuma har yau akwai abu ɗaya da ban yafe masa ba: ya riga ni. Ni na girme shi, amma mutumin nan tun muna yara bai san bin layi ba. Allah Ya jiƙansa. Masu karatu ku yi mini uzuri, bokona a firamare ya tsaya, sauran a jikin motocin hayar Abuja na ƙarasa shi. In kun ga waƙafi ya zauna inda bai dace ba, ku gyara masa zama.

Haruna taubashina ne. Mahaifiyata, Inna, ƙanwar babansa ce, don haka duk tsiyar da zan yi masa a nan gado ce. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana, har ya koma ga Allah ba mu raba gardamar ba. Tare muka baro ƙauyenmu can gabas muka sauka a Tungan Maje. Ni ina sayar da gawayi a kasuwar Gudu, shi yana gadin wani ofis a Wuse.

Muna nan labari ya iso cewa an gano kwal a ƙarƙashin gonakinmu, baƙin dutsen nan mai cin wuta. Ni har murna na yi. Na ce ashe gawayina yana da babban wa a ƙasa, na zama dangin masu arziki. Kamfani ya zo da katafila, tireloli suka shiga jigila, wasu zuwa masana'antu, wasu aka ce har bakin teku ake kai su a loda wa jirgi. Sannu a hankali ruwan rijiya ya sake ɗanɗano, gonaki suka zama rami, aka kwashe mutane zuwa sabon matsuguni mai rufin kwano. Duk wannan an haɗiye shi da ƙyar. Sai ramin ya doshi maƙabarta.

A nan Inna take. A nan baban Haruna yake. A nan kuma na sa 'yata ta fari, Hadiza, wadda ƙyanda ta ɗauke tun ba ta iya kiran sunana ba.

Mutanen kamfani ba su yi rashin kunya ba, gaskiya. Cewa suka yi wurin ya zama kufai, tunda jama'a sun koma binne mamatansu kusa da sabon matsuguni, kuma za a kwashe abin da ya rage cikin mutunci. Ƙauye ya ce bai yarda ba. Mata suka jera turame a kan hanyar tirela suka zauna suna daka. Shi kuwa Haruna, da yake yana Abuja, ya zama ɗan aiken gari. Ofis-ofis ya bi da kakinsa na gadi. 'Yan uwansa masu gadi sukan buɗe masa ƙofa, daga nan kuma sai a ce oga yana mitin.

Amma aikinsa na gaske ba a ofis yake ba. Duk bayan girbi yakan tafi gida ya bi gidaje yana tara fasassun tukwane. Ya share maƙabarta, ya tada kaburburan da ruwa ya kwantar, ya kafa wa kowanne katangar tukunya a kai, ya ja ƙaya ya zagaye. Wata shekara wani jami'in kamfani ya same shi a haka, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, sannu da aiki. Amma yaushe rabon da a binne wani a nan?"

Haruna ya dawo Tungan Maje ya maimaita mini tambayar nan. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: ya bar tuwo a kwano.

Ba a jima ba ciwon hanta ya kwantar da shi a wani asibiti a Gwagwalada. Likitoci sun yi iya yinsu, daga baya suka ja 'yarsa Safiya gefe suka sassauta murya. Kun san al'adarmu da addininmu: inda mutum ya cika nan ake suturta shi, ba a yawo da gawa. Haruna ma ya sani. Na shiga duba shi da safe, ya yafito ni.

"Bawa, nemo mini mota."

"Zuwa ina? Kai da ko buta ba ka iya ɗagawa?"

"Gida. In na cika a nan, kafin la'asar kun saka ni a ƙasar Gwagwalada kun koma shan shayi. Yaron kamfanin nan ya yi mini tambaya, ban ba shi amsa ba."

Safiya ta fashe da kuka. "Baba, don Allah, hanyar nan za ta ƙarasa ka."

Ya ce, "Shi ya sa nake cewa ku yi sauri, Safiyatu."

A tashar Zuba direban ya leƙa ya gan shi kwance, ya ja da baya, ya ce mini da 'yar Hausarsa ta koyo: "Baba, wannan mutum ba lafiya fa. Idan ta mutu a mota na, wahala ne."

Haruna ya buɗe ido ɗaya. "Oga direba, kwantar da hankalinka. Wannan kujerar taka ba ta isa a mutu a kanta ba."

Ya cika alkawari. Ya isa gida da ransa, ya sa aka kira liman da mai unguwa, ya yi wasiyya a gabansu cewa kusa da gwaggonsa za a kwantar da shi. Bayan 'yan kwanaki ya cika da hantsi.

Daga sabon matsuguni zuwa tsohuwar maƙabarta tafiya ce mai nisa, kuma dole a ƙetare hanyar kamfani. Muka ɗauki makara. Tireloli suka ci birki. Direbobi suka sauko suka bi mu, ma'aikata da hulunansu na ƙarfe suka aje shebur suka shiga sahu, domin wa zai ga gawa ta wuce ya tsaya kallo? Wasunsu har karɓar makarar suka yi a kafaɗa. Daga ranar tsofaffin ƙauye suka riƙa barin wasiyya irin tasa, ɗaya bayan ɗaya. Ramin kuwa ya karkata ya bi ta yamma.

Ba na cewa shi kaɗai ya yi. Matan nan masu turame sun sha rana, akwai kuma 'ya'yanmu masu boko da suka tsaya tsayin daka. Amma tambayar, shi ya amsa ta.

Yau da zai leƙo, me zai ce? Safiya tana aikin kafa sola, ita take yi mini bayanin abin da suke kira sauyin makamashi, wai duniya na shirin juya wa kwal baya. Na ce mata ban san duniya ba, amma matan Gudu sun riga sun juya wa gawayina baya, sun koma gas. Haruna zai yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce gawayi da babban wansa duk an yi musu ritaya. In ya gama dariyar zai tambaya wa zai cike ramin da aka bar mana, wanda ya tara koren ruwa yana cin awaki. Zai tambaya yadda aka yi ƙauyen da aka kwashi kwal ɗinsa don a haska wasu garuruwa bai ga lantarki ba sai da 'yarsa ta kafa fitila a masallaci. Kuma na san shi, zai ɗaga batirin solar ya juya shi ya ce, "Shi wannan a gonar wa aka haƙo kayan cikinsa? Suna da maƙabarta?"

Bai bar gida a Abuja ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari na gan shi bara, da na tafi da tukwanena bayan girbi. Inna tana inda na bar ta. Hadiza tana inda na bar ta. Na durƙusa na yi musu addu'a ba tare da na nemi izinin kowa ba. Allah Ya saka maka da Aljanna, Dogo.

Da na miƙe sai na lura akwai fili a gefensa, daidai tsawona. Na riga na gaya wa 'ya'yana da Safiya: ranar da kuka ji likita ya sassauta murya, kada ku tsaya kuka, ku wuce Zuba, kuma kujerar gaba nake so. Ya riga ni, amma ya kama mini wuri. Karo na farko ke nan da bawan nan ya yi wa ubangidansa aiki ba a sa shi ba.